Kafin ka kai idonka a yi maka aikin leza dan ka rabu da gilashi, ga yadda ake bi

Wanda bai taɓa saka gilashin ƙara gani ba bazai gane abin da muke sha ba. Ka farka da asuba kana lalube a gefen katifa, ka zo alwala ka cire ka ajiye ka dawo kana neman inda ka ajiye, damina ta zo kana kan mashin ruwa ya feshe shi ka koma kamar kana leƙe ta cikin leda, ga shaidar da yake bari a karan hanci. Ni tun ina aji biyu a sakandare aka yanka min shi, lambata ta tsaya a -4.50 dama, -4.00 hagu, in na cire ko fuskar mutum a ƙofar gida bana ganewa sai ya yi magana. Daga baya na yi aikin leza, wato gyaran ido da wani haske mai ƙarfi, kuma tun lokacin 'yan uwa da abokai ke tambayata yaya ake yi, da zafi, nawa ne, ba a makancewa. Toh bari na zauna na yi bayanin a tsanake, dan wallahi harkar ido ba wajen gaggawa bane, guda biyu ne kacal kuma babu na canji a kasuwa.

Fara da gane me ake taɓawa. A gaban baƙin idonka akwai wata fata garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci na ce mata koniya. Ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin lanƙwasa hasken da ke shiga ido, sauran kashi ɗayan madubin cikin ido ne ke yi, hoton ya je ya sauka a bangon bayan ido da ake kira retina. In idonka ya ɗan yi tsawo ko koniyar ta cika tudu sai hoton ya haɗu tun kafin ya kai bango, kana ganin kusa amma nesa dishi-dishi, su ne masu lambar da ke da alamar ragi a gaba. In idon ya yi gajere kuma masu alamar tarawa kenan. Akwai na uku, wanda koniyarsa bata yi zagaye sosai ba, ta fi lanƙwasa ta gefe ɗaya kamar bayan cokali, shi ne astigimatizim, a takardar gilashinka zaka ga an rubuta CYL. Abin da leza ke yi kawai shi ne ta kankare koniyar kaɗan ta canza mata siffa, wato lambar da ke jikin gilashinka an sassaƙa ta a jikin idon. Shikenan fa. Bata shiga cikin ido, bata taɓa jijiyar gani.

Shi yasa nake roƙon mutane su daina haɗa wannan da sauran ciwon ido. Wani zai ce min zai kai Baba a yi masa leza alhali Baba yanar ido ce da shi, wannan aikinta daban, cire madubin ciki ake a saka na roba. Hawan jinin ido daban, lalacewar ido ta ciwon suga daban, su ma akwai lezar da ake musu amma ba wannan ba ce. Kuma ka riƙe wannan da kyau, lezar zata baka irin ganin da gilashi mai kyau ke baka ne, ba tare da gilashin ba. In idonka ɗaya tun yarinta ko an saka gilashi baya gani sosai, kar ka sa ran leza zata tayar da shi.

Aikin ba sabo bane kamar yadda wasu ke zato. Wani likita José Barraquer a Bogota ta ƙasar Kolombiya tun shekarun 1950 zuwa 1960 yake yanko koniya ya daskarar da ita ya sassaƙa ya mayar. A 1981 wasu masu bincike na kamfanin IBM a Amurka suka gwada lezar eksaima a kan ragowar naman talo-talo suka ga tana cire nama sili-sili ba tare da ta ƙona gefensa ba, daga nan likitocin ido suka ɗauka. Likita Marguerite McDonald ta yi PRK, wato kankare koniya ta sama kai tsaye, a idon mutum mai gani a 1988, Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka ya fito da LASIK, wato a ɗaga siririn murfi a koniya a yi lezar a ƙarƙashinsa, wajen 1990, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da PRK a 1995, LASIK a 1999. Kaga an fi shekara talatin ana yi, an san amfaninsa an kuma san illarsa.

Yanzu sai mataki na farko, kuma a gida zaka yi shi kafin ka kashe ko sisi. Nemo tsofaffin takardun gilashinka ka jera su. In lambar tana ƙaruwa duk shekara ka dakata, dole sai ta tsaya cak aƙalla shekara 1, wasu likitocin ma 2 suke so, in ba haka ba za a gyara yau gobe idon ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙasa da shekara 18 ba a yi, kuma gaskiya gara mutum ya haura 21. 'Yar uwa in kina da juna biyu ko kina shayarwa ki bari sai kin yaye, dan lambar ido na iya motsawa a wannan lokacin ga kuma magungunan da za a baki. Mai ciwon sugan da bai daidaita ba, mai cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jiki irin lufus ko amosanin gaɓɓai na rumatoyid, mai shan maganin ƙurajen fuska isotretinoin da ke busar da ido, duk sai an zauna da likita sosai, da yawansu ma haƙuri ake basu. Kar ka ɓoye wa likita komai dan kana tsoron ya hana ka, kanka zaka cuta.

In kana saka lens ɗin da ake mannawa a ido, wanda muke ce wa kwantak, sai ka cire shi ka koma gilashi kafin gwaji, saboda yana danne koniya ya canza mata siffa na ɗan lokaci sai awo ya fito ba daidai ba. Mai laushi sati 2, mai tauri sati 3 zuwa 4 ko fiye. Har da masu kala ɗin nan da amare ke sakawa na kwalliya, shi ma kwantak ne, a faɗa wa likita. Tunda na taɓo shi bari na ce wani abu, mutane na jin tsoron leza amma suna kwana da kwantak a ido ko su wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, wannan ɗin yana jawo gyambon koniya mai tsanani da ke iya barin hakiya har abada. In kwantak ka zaɓa toh ka kiyaye tsaftarsa kamar ranka.

Sai gwaji, kuma a nan nake so mu daɗe dan nan ne aikin yake. Lezar kanta ko minti ɗaya bata cika kaiwa ba a kowane ido, amma gwaji na gaskiya yana cin awa 2 zuwa 3. Asibitin da ya duba ka minti goma ya ce ka je ka biya gobe a yi, ɗauki jakarka ka fita.

Za a auna kaurin koniya. Ana lissafinsa da maikuron, wato ka raba milimita ɗaya gida 1000. Koniyar yawancin mutane tana tsakanin 520 zuwa 550, kaga rabin milimita kenan da ɗan ɗori, abin da ake aiki a kai kenan gaba ɗaya. Duk lamba ɗaya da za a gyara tana cin kamar maikuron 12 zuwa 15. A LASIK kuma ana fara yanka wani siririn murfi mai kaurin kamar 100 zuwa 120 a ɗaga shi, shi wannan murfin ko an mayar da shi baya ƙara wa koniya ƙarfi kamar da, dan haka abin da ya rage a ƙasa shi ke riƙe ido, kuma ana so kar ya gaza 250, likitoci masu taka-tsantsan 300 suke tsayawa. Bari na baka nawa lissafin ka gani. Na je da niyyar LASIK dan shi kowa ke yabo, aka auna aka samu 485. Cire murfi 110, cire wajen 65 na lambata, saura 310, a bakin iyaka kenan, kuma likitan ya ce shi baya son yin LASIK a koniyar da bata kai 500 ba. Ranar raina ya ɓaci sosai, na ga kamar an hana ni abin da na daɗe ina tara wa kuɗi. Ya ce min akwai PRK wanda ba a yanka murfi, fatar sama ce kawai mai kaurin kamar 50 ake gogewa kuma tana sake tsirowa, abin da zai rage min ya kai 370. Shi na yi, kuma har yau ina yi wa mutumin nan addu'a. Wannan awon ya fi shafarmu ma, dan bincike da dama sun nuna a matsakaici koniyar baƙar fata bata kai ta Turawa kauri ba.

Bayan kauri sai taswirar koniya, wani inji ne zaka sa haɓarka ya ɗauki hoton tudu da kwarin idon gaba da baya, ya fito da kala-kala ja da kore da shuɗi, irinsu Pentacam. Abin da ake nema a nan wata cuta ce keratokonas, koniya ta yi laushi ta riƙa turowa gaba kamar kan tulu. A farkonta mutum bai san yana da ita ba, gani yake kawai gilashinsa baya daɗewa. In aka yi wa irin wannan idon LASIK an ƙara rage masa ƙarfi kenan, bayan watanni ko shekaru sai ya bulluƙo gani ya lalace, wani har sai an kai ga dashen koniya. Kuma cutar tana da alaƙa da yawan murza ido. Ka tuna yaran nan da idonsu ke yin ja ko ruwan ƙasa suna ta susa musamman lokacin zafi da ƙura, muna da su birjik a arewa, in kai ma haka ka tashi ka faɗa wa likita da bakinka, kuma ka ce a nuna maka taswirar a yi maka bayaninta. Duk inda babu wannan injin kar ka yarda a taɓa maka ido.

Za a duba bushewar ido, a auna faɗin ɗan tsakiyar baƙin ido a cikin duhu, a auna ƙarfin ruwan ido saboda hawan jinin ido, sannan a ɗiga maka maganin da ke buɗe ido a sake auna lambar a leƙa retina. Maganin nan zai sa ka kasa karatu kuma rana ta dame ka na wasu awanni, dan haka ka je da baƙin gilashi da wanda zai tuƙo ka.

In an gama sai a zauna a zaɓi wanne. LASIK shi ne mai murfi, a ɗaga a yi leza a mayar, washegari mutum na gani tar kusan babu zafi, amma murfin nan yana nan har abada kuma bugu mai ƙarfi na iya gusar da shi ko bayan shekaru, duk da ba kasafai ba. Ka tambaya da me za a yanka murfin, da wuƙar inji ce ko da lezar femto, ta biyun ta fi bada kauri daidai. PRK babu murfi, shi yasa ya fi dacewa da mai siririyar koniya, soja, ɗan dambe, ɗan ƙwallo, amma sai ka yi haƙuri, kwana 2 zuwa 3 na farko akwai raɗaɗi da hawaye, gani kuma a hankali yake washewa cikin makonni. Bayan wata 6 sakamakonsu kusan ɗaya ne. SMILE shi ne na baya-bayan nan, injin kamfanin Zeiss, FDA ta amince da shi a 2016, leza ke yanka wani ɗan faifai a cikin koniya a zaro shi ta ƙaramar ƙofa ta milimita 2 zuwa 4, galibi ga masu matsalar ganin nesa, kuma ya ɗan fi sauƙi wajen bushewar ido. In lambarka ta yi yawa sosai kamar -10 zuwa sama ko koniya bata isa ba, akwai ICL, shi ba leza bane, wani ɗan lens ne ake sakawa cikin ido a gaban madubinka na asali, tiyata ce ta cikin ido da nata haɗarin daban. Kar ka je da zaɓinka a aljihu dan wani abokinka shi aka yi masa, idonka ne zai zaɓa.

Maganar inda za a yi. Wanda zai yi maka aikin dole ya zama likitan tiyatar ido mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN in a Najeriya ne, ba mai auna gilashi ba, duk da shi ma mai auna gilashin yana da nasa aikin mai muhimmanci. Shawarata ka fara zuwa asibitin ido da bashi da ribar komai a aikinka, irinsu Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA ko na Makka a Kano ko sashen ido na asibitin koyarwa mafi kusa da kai, a yi maka cikakken duba a tabbatar babu wata cuta a ɓoye, sannan ka tafi wajen masu lezar, waɗanda yawancinsu asibitocin kuɗi ne a manyan birane irin Legas da Abuja. Wasu kuma Masar suke tafiya ko Indiya ko Dubai ko Turkiyya. Babu laifi, amma kar ka yi tafiyar kwana uku a yi maka aiki ka hau jirgi, ka ware aƙalla sati ɗaya, in PRK ne sai an cire maka lens ɗin bandeji, wato kwantak ɗin da ake rufe koniya da shi bayan aikin, kafin ka taho, kuma tun kafin ka tafi ka samu likitan ido a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ka. Ka yi hattara da dillalan asibiti masu cewa su za su haɗa maka komai, da yawa kamisho suke ci a kanka, inda ya fi biyansu nan za su kai ka.

Ka tambayi likita kai tsaye, aiki nawa ya yi irin wannan, mutum nawa yake mayarwa gida ya ce basu dace ba, in lamba ta rage ko ta dawo wa zai biya kuɗin gyara na biyu, kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da gwaji da magani da dawowa dubiya ko kowanne daban, yaushe aka yi wa injin sabis, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki me ke riƙe injin. Likitan kirki baya jin haushin waɗannan tambayoyin. Inshorar lafiya galibi bata biyan wannan aikin dan ana ɗaukarsa na ganin dama ne, dan haka ka shirya aljihunka, kuma in ka ga an karya farashi warwas ana cewa garaɓasa ce ta wannan satin kawai, ka ja baya ka yi tunani.

Lokaci ma abin dubawa ne. Ni dai bazan ba mutumin Kano ko Sakkwato ko Damagaram shawarar ya yi a tsakiyar hunturu ba in yana da zaɓi, iska a bushe ga ƙura ga hazo, ido sabon aiki kuma babban abin da ke damunsa bushewa ne. Damina ta fi. Haka in azumi ya kusa, tunda makonnin farko ɗiga magani ake sau da yawa a yini kuma malamai sun yi saɓani a kan maganin ido in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro, gara ka yi kafin ko bayan, in kuma dole ne ka tambayi malaminka, amma kar ka tsallake magani. Mai shirin Hajji ko Umara shi ma ya bar tazarar watanni.

Ranar aiki ka yi wanka ka wanke fuska tas, ba turare ba mai ba hoda, 'yan uwa mata ba kwalli ba gazal ba gashin ido na kanti, a daina su tun kwana biyu kafin. Ka ci abinci kaɗan, ba a sa mutum barci, maganin kashe zafi ake ɗigawa kawai babu allura. Zaka kwanta a saka wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido dan kar ka ƙifta, a ce ka kalli wani ɗigon haske. In LASIK ne ko SMILE akwai lokacin da za a danna idon kaji nauyi gani ya dushe ko ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, kar ka firgita haka yake. Zaka ji injin na ƙara ƙas-ƙas-ƙas da wani wari kamar an babbake gashi. Tambayar da kowa ke min ita ce in ido ya motsa fa, toh injinan eksaima na yanzu suna da kyamarar da ke bin ido, in ya kauce da yawa lezar tsayawa take da kanta. Ni salati na riƙa yi a zuci har aka gama, ido biyun duka bai kai minti ashirin ba.

Daga nan gida, ka rufe ido ka yi barci. Mai LASIK zai ji yaji da hawaye kamar yashi ya shiga na awa 4 zuwa 6 sai ya lafa. Mai PRK kam bazan ɓoye maka ba, rana ta biyu da ta uku na sha wuya, ɗaki mai duhu na zauna ko hasken waya bana iya kallo, sai da aka cire lens ɗin bandeji a kwana na biyar na fara jin daidai, karatu a waya kuma sai da na yi kusan wata kafin rubutu ya daina yin biyu-biyu. In kai ma'aikaci ne ka ɗauki hutun sati ɗaya cif.

Za a baka maganin ɗigawa kala uku galibi, na kashe ƙwayoyin cuta, na hana kumburi mai sitiroyid, da na jiƙa ido mai kama da hawaye. Ka wanke hannu, ka bar minti 5 tsakanin wani da wani, kar bakin kwalbar ya taɓa ido. Mai sitiroyid ɗin nan a hankali ake rage shi yadda likita ya tsara, kar ka yanke da kanka kuma kar ya ƙare ka je kemis ka sayo ka ci gaba da kanka dan kaji daɗinsa, yana iya hawar da ƙarfin ruwan ido a ɓoye. Dan Allah kar a ɗiga zuma ko nonon uwa ko ruwan suga ko wani haɗin gargajiya, ko wa ya kawo shi da kyakkyawar niyya.

Babbar doka, kar ka murza ido. Da dare ka kwana da murfin roba da za a baka na sati ɗaya dan hannu baya shawara in mutum na barci. Sati na farko kar ruwa ya shiga ido, wajen alwala ka rufe ido ka wanke fuska a hankali ba tare da ka watsa ko ka danna ba, ka kuma tambayi likita game da sujada, yawanci ba a hanawa. Kwalli sai bayan sati 2. Hayaƙin icce da turaren wuta a nisance su, kar ka kwanta fanka ko esi na busa maka a fuska, in zaka hau mashin ko Keke Napep sai da gilashi mai rufe gefe. Wanka a rafi ko wurin iyo sai bayan wata 1 zuwa 2, ƙwallo da duk wasan da ake karo aƙalla wata guda. Mai PRK ya riƙe baƙin gilashi mai tare hasken rana na watanni, dan rana irin tamu tana ƙara haɗarin koniya ta yi hazo. Dubiya kuma washegari, bayan sati, bayan wata, bayan wata 3, ko kana gani garau ka je. In kaji zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko gani ya ja baya bayan ya fara kyau, ko ja da kwantsa, ko wani abu ya bugi idon, a ranar zaka koma ko da dare ne, ba sai gobe ba.

Illoli fa akwai su, duk wanda ya ce maka babu ba gaskiya ya faɗa ba. FDA ta yi wani bincike mai suna PROWL a kan waɗanda aka yi wa LASIK, sama da kashi 95 cikin 100 sun ce sun gamsu, amma cikin waɗanda basu da wata damuwar gani kafin aikin har kashi 46 sun ce bayan wata 3 suna ganin wani abu sabo kamar zobe ko tartsatsi a kewayen fitila, kuma har kashi 28 na waɗanda basu da bushewar ido sun same ta. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu sosai basu kai kashi 1 ba. Ƙasa da kashi 1 kaɗan ne a takarda, amma in kai ne ya faɗa wa ba kaɗan bane, shi yasa direban da ke tafiyar dare, Kano zuwa Legas misali, nake ce masa ya yi tunani sau biyu ya kuma gaya wa likita sana'arsa. Yawanci abin na raguwa cikin wata 3 zuwa 6, wasu kuma yana zama. Ni har yanzu in hunturu ya kama sai na riƙe ruwan jiƙa ido a aljihu, fitilar mota da dare tana min ɗan zobe kaɗan, na saba. In gilashinka baya damunka kana zaune lafiya da shi, wallahi babu dole, gilashi bai taɓa yi wa koniyar kowa illa ba.

Sannan shekara 40. Daga nan madubin cikin ido ke fara tauri, mutum ya fara miƙa hannu nesa in zai karanta saƙo ko Alƙur'ani, wannan kowa zai same shi da wanda ya yi leza da wanda bai yi ba. Mai lambar ragi da yana cire gilashi ya karanta abin kusa, in aka yi masa leza wannan damar ta tafi, zai koma neman gilashin karatu. Dan haka in ka kusa 40 ko ka wuce ka yi wannan maganar da likita, akwai dabarar gyara ido ɗaya dan nesa ɗaya dan kusa, amma a fara gwada maka da kwantak na wasu kwanaki ka ji ko kanka zai ɗauka.

Kafin ka bar asibitin ka karɓi kwafin komai, lambarka ta da, kaurin koniya, taswirar, da rahoton abin da aka cire, ka ɗauke su a waya ka kuma adana takardun inda kake ajiye takardun gida. Ranar da tsufa ya zo aka ce za a cire maka yanar ido, likita zai buƙace su wajen lissafin lens ɗin da zai saka, dan koniyar da aka yi wa leza tana rikita lissafin. Kuma duk inda za a auna maka ƙarfin ruwan ido ka ce an taɓa yi min leza, saboda koniyar da aka rage wa kauri tana sa injin ya nuna lamba ƙasa da gaskiya, hawan jinin ido ya ɓuya yana cin jijiya a hankali, ga shi kuma a binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 shi ne na biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Mai babbar lambar ragi kuma idonsa na nan da tsawonsa ko ya ajiye gilashi, haɗarin yagewar retina bai tafi ba, in ka ga walƙiya a gefen ido ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru farat ɗaya ko kamar labule ya sauko ta gefe, asibiti a ranar. Ni duk shekara bayan ƙaramar sallah nake zuwa a duba ni, da fayil ɗina a hannu.